'Yar Panya a Ƙofar da ke Kallon Tamu

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, washegarin sunan Ummi, mu uku ne a falon gidan da ke hawa na tara a unguwar Setapak, in ba a ƙirga jaririyar ba: ni, da 'yata Rukayya, da mijinta Malam Kabiru. Rukayya na kan tabarma tana shan kunun kanwa tana yamutsa fuska. Malam Kabiru yana gaban kwamfutarsa ya ba ni baya, kamar yadda ya saba tun ranar da na sauka a gidan. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofar ƙarfe mai raga, ina kallon kwanona a ƙasa, a ƙofar gidan da ke kallon namu. Daga nan zan ɗauko labarin, domin na ji yadda ku 'ya'yana da dangi kuke ba da shi a tsakaninku, wannan ya kamo tsakiya, wancan ya kamo ƙarshe, har ya koma wai Hajiya ta yar da 'yarta da ɗanyen jego ta tafi jinyar bare. Wasunku kuma suna cewa surukina ne ba shi da imani. Duka biyun ba daidai ba ne. Zan faɗe shi bi da bi, kowane abu a wurinsa.

Wankan jego ya kai ni Kuala Lumpur. Malam Kabiru yana karatun digiri na uku da tallafin gwamnati, Rukayya ta bi shi, cikin fari ne, kuma babu uwa babu gwaggo a kusa. Na isa da gero da kanwa da kayan yaji. Ban daɗe ba aka sa dokar kulle saboda korona, jirage suka tsaya, aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita daga kowane gida ya sayo abinci. Gidan ɗaki biyu ne da falo, kuma surukuta a irin wannan wuri aiki ce babba. Ba na kiran sunansa, ba ya ɗaga ido ya dube ni, duk maganar da za mu yi sai ta bi ta kan Rukayya, ko da kuwa gwiwarsa na kusa da taɓa tabarmata. Haka muka zauna har ta haihu lafiya. Safe da yamma ina tafasa ruwa a butar lantarki, ina yi mata wanka da ganyen darbejiya da ya samo a wurin Indiyawan unguwar Brickfields kafin a rufe gari.

Ragon suna a Kano aka yanka shi, a gidan iyayen Malam Kabiru, mu muka kalla ta waya. Amma na ce suna ba ya cika sai maƙwabci ya ci. Ya sayo naman akuya a kedai, wato kantin da ke ƙasan benen, na soya shi da yaji, na zuba a kwanukan da na zo da su daga gida, na ajiye a ƙofar kowane maƙwabci, in ƙwanƙwasa in ja da baya. Kwanon farko ya dawo daga wata Bamaleshiya da wainar shinkafa a cikin ganye, tana ta cewa, "Makan, makan," wato in ci. Wani tsoho Basine ya dawo da nasa da lemo. Wasu samari leburori suka wanke nasu tas suka rataye mini a ƙofa. Kwanon ƙofar da ke kallon tamu ne ya kwana ya wuni a inda na ajiye shi, kiyashi ya yi masa layi. A garinmu ko maƙiyinka ne ba ya barin kwanon suna ya kwana a waje. Ko dai ya raina ka, ko kuma ba ya iya tashi.

Na san mai gidan da gani. Yarinya ce doguwa, baƙa, ɗaliba, ita kaɗai take zaune. Kafin kulle na taɓa haɗuwa da ita a lif tana waya, tana Sifaniyanci tana gauraya shi da turancin Panya. Gabana ya faɗi a ranar, amma ban yi mata magana ba, don ba a tare mutum a lif a ce masa daga ina kake. Daga baya muka riƙa kiran ta Ladi, domin sunanta ya ƙi zama a bakin Rukayya.

Na sa takunkumi, na tsallaka, na ƙwanƙwasa. Shiru. Na sake. Sai na ji tari mai nauyi, da jan ƙafa, da murya ta tambaya ko wane ne, da turancin Panya. Na amsa mata da harshen da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

"Maƙwabciyarki ce. Haihuwar Santa Isabel."

Na ji ta matso jikin ƙofar, ta ce:

"Ba mai cewa Santa Isabel yanzu, Malabo ake cewa. Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Kwanona na zo ɗauka."

Ta buɗe ƙofar katako kaɗan, ta ƙarfen tana kulle. Idanunta sun yi ja, leɓenta ya tsage, ta lulluɓa da bargo a cikin zafin garin nan da ko mayafi nauyi yake yi wa mutum.

A nan dole in tsaya in gaya muku abin da kuka ɗauka tatsuniyar tsohuwa ce. Kun san an haife ni a Panya, kuna faɗa kuna dariya, amma babu wanda ya taɓa tambayata ina ne Panya. Tsibiri ne a cikin teku, kudu da Kalaba. Da ana ce masa Farnando Po, yanzu Bioko, kuma yanki ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda harshen gwamnati Sifaniyanci ne. Na farko, masu tsibirin su ne Bubi. Sun riga kowa, suna noman doya da gwaza a jikin dutse, kowane gari da dattawansa. Na biyu, Turawa suka zo, 'yan Fotugal, sannan Ingilishi na ɗan lokaci, sannan 'yan Sifaniya suka zauna daram. Suka karɓe ƙasa mai kyau suka dasa koko. Bubi suka ƙi yi musu bauta a gonar da da tasu ce, cuta da wahala suka rage su ƙwarai. Na uku, aka riƙa kwaso leburori daga Nijeriya, yawancinsu daga gabas, mu Hausawa muka bi su da fawa da tireda. Mahaifina mahauci ne a kasuwar Santa Isabel. Na huɗu, da 'yancin kai ya zo, aka haɗa tsibirin da wani yanki na tudu da ke can tsallaken ruwa, inda mutane suka fi yawa nesa ba kusa ba. Dattawan Bubi da dama sun roƙa a bar su su kaɗai, ba a saurare su ba. Shugaban farko daga tudu ya fito, kuma abin da ya yi ba ya faɗuwa duka. Ya rufe makarantu da coci-coci, ya hana jiragen kamun kifi don kada kowa ya gudu, mutum ya fita da safe a neme shi a rasa. Kada ku ce ƙabilarsa ce ta yi, domin mutanensa ma sun sha wuya a hannunsa. Amma Bubi ba su da yawa, kuma tsibiri ba shi da ƙofar baya. Na biyar, abin ya iso kan 'yan Nijeriya, aka turo jiragen ruwa aka kwashe mu. Ina budurwa a lokacin.

Abin da ban taɓa zaunar da ku na faɗa ba shi ne wannan. Da aka haife ni, mahaifiyata ta kwanta zazzaɓi, nono ya ƙafe. Akwai wata Bubi mai kawo gwaza kasuwa daga Rebola, tana goyon ɗa namiji, rumfarta kusa da ta mahaifina. Mami Rosa muke ce mata. Mahaifina ya tambayi liman, liman ya ce ya halatta, ta shayar da ni har Inna ta miƙe. Mijinta yana cikin waɗanda suka ce a bar tsibiri shi kaɗai, kuma tun kafin mu taso an zo an tafi da shi. Ranar da za mu hau jirgi ta sauko bakin ruwa da kwandon dafaffiyar gwaza, sojoji suka tsayar da ita a bayan igiya. Mu muna da ƙasar da za ta aiko mana da jirgi. Ita tana tsaye a kan tata ƙasar, ba ta da inda za ta.

To, ta cikin raga Ladi ta gaya mini halin da take ciki, tana yi tana hutawa. Ita ma Bubi ce. Da tallafin gwamnatinsu ta zo karatu. Bara aka kama yayanta a gida, wai an ji shi a taron masu cewa a ba tsibiri haƙƙinsa. Bayan haka kuɗin makaranta ya daina zuwa ba tare da an ce mata komai ba, makaranta ta cire sunanta, bizarta ta mutu tun kafin cutar ta shigo. Ofishin jakadancinsu kuwa ba ta kusantar ko titinsa. Zazzaɓi ya kama ta kwanaki, abincinta ya ƙare, ta ji na ajiye kwano amma ta ji tsoron buɗe ƙofa. In ta je asibiti za a tambayi fasfo, in an ga fasfo za a mai da ita gida, a gida kuma sunan gidansu ya riga ta isa filin jirgi.

Na koma na faɗa musu, har da labarin Mami Rosa da kwandon gwazarta. Malam Kabiru ya rufe kwamfutarsa, abin da ba ya yi sai lokacin salla.

"Rukayya, ki gaya wa Hajiya an hana kowa shiga gidan kowa. A ajiye mata abinci a ƙofa, ni zan riƙa sayowa. Amma shiga, a'a."

"Ki gaya masa na ji. Ki tambaye shi wa zai ɗaga mata kai ta sha ruwan."

"Umma, ga ki ga shi, tabarma ɗaya ce tsakaninku. Ni na zama wayar tarho?"

"Ki gaya wa Hajiya akwai jaririya a gidan nan. Kuma ɓoye wanda ba shi da takarda laifi ne a ƙasar nan. In aka kore ni, karatun ya tafi, kuma gwamnati ba za ta ji labarin gwaza ba."

"Ki gaya masa nonon mutanen nan na sha."

Ya ce, a hankali, kansa a ƙasa:

"Shayarwa tana haɗa Hajiya da 'ya'yan matar da ta shayar da ita. Ba ta mai da duk tsibirin 'yan'uwa ba."

Gaskiyarsa ce, kuma na faɗa a wurin cewa gaskiyarsa ce. Duk abin da ya lissafa daidai ne. Sai dai na riga na ga fuskar yarinyar, kuma na san in na kwanta na bar ta a bayan ragar can, igiyar bakin ruwa zan riƙa gani. Na tsara abin kamar haka. Ni zan tsallaka, kuma in na tsallaka ba zan dawo ba sai an tabbatar ba na ɗauke da komai. Abinci a ajiye a tsakiyar baranda, a robar tapau, irin wadda kantin ƙasa ke zuba wa masu sayen abinci, wadda ba sai an mayar ba. Rukayya ta riƙa tafasa ruwanta da kanta, mijinta ya ɗaukar mata bokiti. Na nuna mata yadda za ta gasa cibiyar Ummi, na sa ta maimaita a gabana. Ta yi, tana kuka.

"Umma, ko arba'in ban yi rabi ba."

"Na sani. Ke kina da miji. Ita ba ta da kowa."

Na ɗauki zannuwana da carbi da buta na fita. Ban sumbaci jaririyar ba, don na san in na ɗauke ta ba zan ajiye ba.

Ɗakin Ladi ba komai sai katifa da littattafai da tukunyar dafa shinkafa. Na share, na buɗe tagogi, na wanke ta da ruwan ɗumi, na dama mata kunu. Ta kurɓa ta dube ni.

"Mami, wannan ba na masu haihuwa ba ne? Ina jin ƙamshinsa daga gidanku kullum."

"Shi ne."

"Ni fa ban haifi kowa ba."

"Shanye. In kin warke sai ki kai ƙara."

In zazzaɓin ya sauka, hira muke yi. Tana dariyar Sifaniyancina, wai ina magana kamar fadan cocin zamanin kakarta. Ni na tsaya a ranar da jirgi ya tashi da mu, ita ta ɗora mini daga nan. Bayan tafiyarmu gonakin koko suka mutu, aka kwaso mutanen tudu da ƙarfi aka zuba a ciki. Shugaban nan wani na jikinsa ya tumɓuke shi ya hau. Daga baya man fetur ya fito a tekun da ke gaban tsibirin, aka gina tituna da dogayen benaye, amma tsakanin ƙauyensu da Malabo sai ka wuce shingen sojoji kana faɗin inda za ka. Tana ƙarama, in ji ta, wasu samari suka tayar da hankali, aka bi gida gida ana kama mazan Bubi, da mai laifi da marar laifi. Kakarta ta hana a yi harshensu a waje, shi ya sa nata Bubin bai fi na gaisuwa da na kicin ba. Na tambaye ta Mami Rosa ta Rebola. Ta ce Rosa a Rebola sun fi a ƙirga, kuma ita ba 'yar can ba ce. Ban sake tambaya ba.

Tun ranar farko ta nemi in rantse ba zan kira motar asibiti ba. Ban rantse ba. Ni ba na rantsuwa a kan abin da ba ya hannuna.

"Ga abin da zan yi miki alkawari. Muddin kina iya tashi zaune ki riƙe kofi da hannunki, ba zan kira kowa ba. Ranar da kika kasa, zan kira."

"In na kasa ki bar ni. Gara nan da can."

"Na faɗi nawa."

Azumi ya kama muna cikin haka. Kowace safiya nakan tsaya a ragar Ladi, Rukayya ta tsaya a tasu ta ɗago mini Ummi in gani, baranda tsakaninmu. Ina duban fuskar yarinyar in ga ko ta rame, ina sauraron numfashinta daga nesa, in Rukayya ta yi atishawa sai in tambaye ta ko jikinta da zafi. Ina tambaya ko an yi wanka, ta ce an yi, na san ruwan bai kai zafin da ya kamata ba. Ko motsin lif na ji sai in ɗauka mu aka zo wa. Da farko an ce marasa takarda su fito a gwada su ba abin da za a yi musu. Sai ga Malam Kabiru wata rana ya miƙo wayarsa ta cikin raga, hannunsa a tsawace, fuskarsa a gefe. Wasu benaye ne a wajen Masjid India, inda muka taɓa zuwa sayen mayafai, an zagaye su da waya mai ƙaya, ana fito da mutane a layi ana zuba su a manyan motoci. Ban nuna wa Ladi ba. Ashe ta riga ta gani a tata wayar. Daga ranar ta daina cewa kanta na ciwo, ta riƙa danne tari a cikin bargo, in na miƙa mata kofi sai ta kama shi da hannu biyu tana kallona, don in shaida ta riƙe.

Da hantsi abin ya faru. Na dama kunu na kawo, na ce ta tashi. Ta yunƙura ta koma. Na tallafe ta na jingina da bango, na sa mata kofin a hannu. Yatsunta suka ƙi rufuwa. Kunun ya zube a cinyarta, da zafinsa, ba ta ko motsa ba. Leɓenta ya yi toka-toka, ƙirjinta yana hawa da sauka kamar wadda ta yi gudu, maganarta kalma ɗaya sai hutu.

"Mami. Sake ba ni. Zan riƙe."

Na sake ba ta. Ya sake faɗuwa.

"Kada ki kira. Don Allah. Kin san can."

Na san can. Babu wani a benen nan da ya san can kamar ni. Na zauna a gefen katifar ina riƙe da hannunta, ina jera abin a raina. In na kira, za ta iya rayuwa, kuma za a iya mai da ita hannun waɗanda take gudu. In ban kira ba, kafin la'asar zan rufe mata ido, kuma ko gawarta ban san wa zan ba ba. Na farkon yana da wataƙila a ciki. Na biyun ba shi da ita. Na zare hannuna daga nata, ta bi ni da ido har ƙofa.

Na tsaya a raga. Rukayya tana ciki tana shayarwa, ba lokacin bi ta kanta. Na ɗaga murya na kira abin da ban taɓa kira ba.

"Kabiru!"

Ya fito da gudu, ba hula, ba takalmi. Karon farko ke nan da muka dubi juna ido cikin ido.

"Kira su. Yanzu."

"Hajiya, za su tambayi wanda ya kira. Za su tambayi takardunta."

"Na sani."

Ya kira, ya ba da sunansa na gaskiya da lambar gidansa, ya sauka ƙasa da kansa ya jira su don kada su ɓata lokaci suna neman hawa. Suka zo cikin fararen kaya, ba a ganin ko idonsu sosai, suka sa mata iska a hanci suka ɗora ta a gado mai taya. Ɗayarsu mace ce, tana shafa mata kai tana cewa, "Boleh, boleh," wato za ta iya. Da za a shiga da ita lif na matsa kusa. Ta juyar da fuskarta bango.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, don kada a rage ko a ƙara. An gwada mu duka. Rukayya da mijinta da Ummi ba su da komai, amma an ɗaura musu abin hannu na shaida an killace su a gida. Ni ina ɗauke da cutar. Aka kai ni wani babban zaure da aka jera gadaje, can na yi sallar idi a zaune a kan gado, cikin mutanen da ba mu jin harshen juna. An kira Malam Kabiru an yi masa tambayoyi a kan yarinyar, ya kwana biyu bai san ko karatunsa zai tsira ba, daga baya aka bar maganar. Rukayya ta gama arba'in ba uwa a kusa. Har yau in bayanta ya motsa takan ce wankan da bai cika ba ne, kuma ba na musa mata. Mahaifiyar Malam Kabiru ba ta sake sakin fuska da ni ba, ko a biki muka haɗu gaisuwa ce a tsaye. Ban ga laifinta ba, jikarta ce. Shi kuwa da kuke cewa ba shi da imani, shi ne ya yi ta bin asibiti ta waya yana tambayar jikin Ladi, shi ya kai mata kaya da aka buɗe hanya, kuma shi ya zo ya gaya mini, kai tsaye, ba ta bakin matarsa ba, cewa ta samu sauƙi.

Ta rayu. Likitocin sun yi mata aiki kamar 'yar gida. Da ta warke maganar takarda ta taso, kamar yadda ta faɗa. Aka tsare ta a inda ake tsare irinsu, ba a bar mu mun gan ta ba, da jirage suka fara tashi aka sa ta a ɗaya. Ni ma na dawo Kano. Watanni suka wuce ban san ko tana raye ba. In na ji sallama da rana tsaka sai gabana ya faɗi, ban san dalili ba, tunda ba wanda zai zo daga can ya gaya mini komai. Sai wata rana Rukayya ta turo mini saƙon murya da ya shigo mata daga baƙuwar lamba. Gajere ne.

"Mami, na iso. An kira ni an yi mini tambayoyi, an sake ni. Ina ƙauye wurin 'yar'uwar mahaifiyata, muna noma. Yayana bai fito ba. Kada ki kira lambar nan, ba tawa ba ce. Kada a neme ni."

Ba ta ce na gode ba, ba ta ce kin cuce ni ba. Na saurari saƙon nan har Rukayya ta ce zan cinye shi, ina neman fushi ko yafiya a cikin muryar, ban samu ko ɗaya ba. Ban yi nadamar kiran da na sa aka yi ba. Natsuwa ce dai ban samu ba, kuma na daina sa ran samunta.

Abin da ya sa na rubuta wannan babin na tarihin rayuwata yanzu, ban jira ya zo a layinsa ba, shi ne abin da autana Nasiru ya yi a watan jiya. Ya ga ina yawan ambaton yarinyar, ya tausaya mini, ya karɓi wani hoto a wayar Rukayya, wanda ta ɗauke mu ni da Ladi a bakin raga wata safiya da zazzaɓin ya sauka. Ya sa shi a intanet da dogon bayani, da sunanta na gaskiya, da ƙabilarta, da maganar yayanta, yana roƙon duniya ta taya mahaifiyarsa nemo ta. Ya kawo mini wayar yana murna, wai mutane sun yaɗa shi har ƙasashen waje, kowa yana sa mini albarka. Nasiru bai san ƙasar da ake kiran mutum a tambaye shi wa ya sani a waje ba. Sau ɗaya aka sake ta. Babu wanda ya yi mata alkawarin na biyu.

Don haka ga roƙona, kuma umarni ne ga wanda na haifa. Nasiru, ka sauke hoton nan yau, ba gobe ba. Duk wanda ya tura shi gaba a cikinku ya bi waɗanda ya tura wa ɗaya bayan ɗaya, ya ce su goge. Rukayya, ki cire shi daga wayarki, da saƙon muryar, na riga na haddace shi. Kada wani ya rubuta sunanta a ko'ina, kada ya tambayi ɗan ƙasarsu ko ya san ta, ko da a Makka kuka haɗu. In kuna so ku yi mini alheri, ku sa ta a addu'a a cikin zuciya, ku bar ni da rashin sanin inda take.